Lambar da ke goshin manhaja

A makarantar da nake koyarwa akwai wani ɗaki da muke kira ɗakin kwamfuta, ko da yake yara sun fi cewa ɗakin ordinatar. Na'urori goma sha ɗaya ne a ciki, dukansu kyauta ce da wata ƙungiya ta kawo daga Turai bayan ofisoshin can sun gama cin moriyarsu. Windows XP ce a cikinsu, ta harshen Faransanci. Kamfanin Microsoft ya fito da XP a watan Oktoba na shekara ta 2001, ya kuma janye hannunsa daga kula da ita ran 8 ga watan Afrilu na 2014. Watau ranar da aka sauke mana kwalayen nan, mata suka rangaɗa guɗa, tela ya ɗinka wa kowace na'ura rigar ƙura, masu su na farko sun daɗe da yafe su. Mu dai ba mu da waɗansu, kuma har yau da nake wannan rubutu su ne a ɗakin.

Lissafi nake koyarwa, amma ina cikin wata ƴar ƙungiya ta malamai masu son ganin ana rubuta Hausa bisa ƙa'ida. Abin da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya shi ne baƙaƙen nan huɗu masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Allon haruffan da ke gabanmu na Faransa ne, irin wanda ya fara da AZERTY; yana da é da è da ç, ba shi da ko ɗaya daga cikin namu. Yaron da ya sha Hausa a nono sai ya zauna ya rubuta baki a wurin baƙi, kare a wurin ƙare, daka a wurin ɗaka, har ya saba, ya ɗauka haka ake yi. Ga shi kuwa tun shekara ta 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, a 1999 ma'aikatar ilimi ta tsaida ƙa'idar rubutun, har aka kai ga 2025 da babban kundin ƙasa ya ambaci Hausa a matsayin harshen ƙasa. Takardu sun yi nasu, saura yatsun yara.

Sai na ce bari in yi abin da ƙarfina ya kai. Lokacin da nake jami'a a Yamai na ɗan koyi harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Amurka a farkon shekarun 1970, kuma ban bari ya ɓace mini gaba ɗaya ba. Cikin wani hutun damina na zauna na rubuta wata ƙaramar manhaja ta shifta. Tana nuna jimla da gurbin baƙi guda a ciki, ga manyan maɓallai takwas a ƙasa, b da ɓ, d da ɗ, k da ƙ, y da ƴ. Yaro ya zaɓa. In ya dace ta wuce gaba, in ya kuskure ta nuna masa ma'anar abin da ya rubuta da ma'anar abin da ake nufi, a ƙarshe ta ba shi makinsa da yawan lokacin da ya ci. Iyakarta ke nan. Na gina ta a kan tawa kwamfutar ta hannu mai Windows 10, da kayan aikin Visual Studio na 2017 waɗanda ake samu kyauta. Ta yi aiki sarai. Na gwada ta sau ba adadi, har uwargida ta gaji da zama ɗaliba.

Da aka koma lakwal muka sa ranar Asabar don in nuna wa ƙungiya. Malamai suka zo daga ƙauyuka, waɗansu bisa moto tun da asuba, dirakta ya sa aka share ɗakin, Allah kuma Ya taimake mu kuran bai ɗauke ba. Na soka kile a na'ura ta farko, na danna. Sai ga wani ɗan akwati ya fito da jan tambari, an rubuta: «shifta.exe n'est pas une application Win32 valide». Na ce wataƙila wannan ce ke da matsala, na matsa ta biyu. Haka. Na bi goma sha ɗayan nan ɗaya bayan ɗaya, mutane na kallon ƙeyata, kowace ta maimaita mini magana guda: abin da ka kawo ba manhajar kirki ba ce. Daga ƙarshe dai a kan tawa ta hannu aka yi nunin, mutum ashirin da wani abu sun yi cincirindo a kan fuska guda, na baya ba su ga komai ba.

Da za a watse wani dattijo, tsohon malami da ya koyar da rabin mutanen ɗakin, ya dafa kafaɗata ya ce: «Kada ka damu, ɗana, ba laifinka ba ne. Injinan ne suka tsufa.» Dirakta ya ƙara da cewa: «Mushe, sai mu jira Allah Ya kawo sababbi.» Lallashi suke yi, na sani, amma maganar ta fi kunyar da na sha yi mini ciwo. Na'urorin nan suna buga wasiƙa, suna lissafin makin ɗalibbai, suna kunna sauti da hoto. Manhajata ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin waɗannan ayyuka ba. Jakin da ya ɗauki buhun gero, ta yaya za a ce tiya guda ta gagare shi?

Don mai karatu ya gane inda gizo ke saƙar, dole in ɗan yi bayani, waɗanda suka sani su yi haƙuri. Abin da mai manhaja ke rubutawa kalmomi ne da alamomi da ɗan Adam ke iya karantawa. Ƙwaƙwalwar na'ura ba ta jin su, lambobi kawai take ji. Saboda haka akwai wata manhaja da aikinta shi ne juya rubutun zuwa umarnin da ƙwaƙwalwar ke ganewa. Faransawa suna ce mata compilateur, ni a aji tafinta nake cewa. Tafinta yana juya kowane shafi daban, kuma duk inda rubutun ya nemi wani aiki da ba a cikinsa yake ba, kamar buɗe taga, ko zana harafi, ko duba agogo, sai ya bar gurbi da sunan aikin. Daga nan sai na biyu ya karɓa, wanda suke kira éditeur de liens, ni kuwa maɗinki. Shi ke haɗa guntayen su zama abu guda, ya kuma bi guraben nan yana rubuta inda za a samo kowane aiki. Yawancinsu suna ajiye cikin rumbunan uwar manhaja, watau Windows kanta, fayilolin nan da sunansu ke ƙarewa da .dll. In ya gama sai ya yi rubutu a goshin fayil ɗin: ga irin ƙwaƙwalwar da aka yi shi dominta, ga kuma mafi ƙarancin Windows da zai yarda ya zauna a ciki. Tafinta da maɗinki kowanensu yana da saiti ɗaruruwa. Ban taɓa ko ɗaya ba sai kaɗan, kuma ban taɓa tambayar kaina ba wa ya zaɓa mini sauran.

Zatona na farko ƙwayar cuta ce, wadda yara ke kira birus, don kilen nan ya shiga na'urori da yawa a gari. Na wanke shi, ba canji. Sai na tuna da kaina na zaɓi in gina manhajar don ƙwaƙwalwa mai faɗin 64, sabili da tawa irin ta ce, alhali na ɗakin duka masu 32 ne. Wannan kuskurena ne tsantsa, ba na kowa ba. Na sake gini a kan 32, na garzaya lakwal da la'asar, na roƙi mai gadi ya buɗe mini. Akwatin nan ya sake fitowa, da kalmominsa ba ragi ba ƙari.

Akwai wani tsohon ɗalibina da ke wannan sana'a a Yamai. Na yi kwana biyu ina jinkiri, don malami ba ya son ya tambayi wanda ya koya wa raba dogon lissafi, sa'an nan na buga masa salula. Ya saurara har na gama, ya ce: «Malam, ka duba goshin fayil ɗin. Akwai wani ɗan kayan aiki, dumpbin, yana tare da Visual Studio. Ka faɗa mini lambar da ka gani.» Na duba. A wani layi can tsakiya an rubuta 6.00.

Kowace Windows tana da lamba ta cikin gida wadda ba ita ce sunan kasuwa ba. Windows 2000 ita ce 5.0, XP ita ce 5.1, Vista 6.0, Windows 7 kuma 6.1. Tun daga Visual Studio na 2012, in mutum bai ce komai ba, maɗinki 6.0 yake rubutawa a goshi. XP na karanta goshin, ta ga lamba ta fi tata, sai ta rufe ƙofa. Ba ta karanta ko umarni ɗaya na cikin manhajar ba, ba ta gwada ta ga ko za ta iya ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne saƙon da take bayarwa. Da ta ce an yi wannan don wadda ta fi ni sabunta, da tun ranar Asabar na gane. Sai ta ce abin ba ingantacce ba ne, ta bar mutum yana zargin kilensa da basirarsa.

Gyaran layi guda ne a saitin maɗinki: /SUBSYSTEM:WINDOWS,5.01. Na rubuta, na sake gini, na koma wurin mai gadi. A wannan karo XP ta buɗe ƙofa, amma ta tsaida ni a zaure. Ta ce ba ta ga wani rumbu mai suna VCRUNTIME140.dll ba. Wannan rumbu ba na Windows ba ne, na tafintan ne kansa, inda yake ajiye ƙananan ayyukan da kusan kowace manhajar C ke bukata. A kan tawa kwamfutar yana nan tun ranar da na saka Visual Studio, shi ya sa ban san ina dogara da shi ba. Hanya biyu ce: ko in bi na'urorin ina zuba musu rumbun, ko in ce wa tafinta ya sa a ɗinke abin da ake bukata cikin jikin manhajar, ta tafi da guzurinta. Saitin farko sunansa /MD, shi ne na taras. Na biyu /MT. Masana da yawa sun fi son na farko, kuma suna da hujja: in aka gano ɓaraka a rumbun, gyara guda ya wadatar da dukan manhajojin da ke ɗiba daga cikinsa, alhali mai guzuri sai an sake gina shi. Amma wannan hujja ta mai intanet ce. Malamin da zai kwafi manhajata a kile ya kai ƙauye, fayil guda nake so ya ɗauka, in ya danna ya tashi. Na zaɓi /MT, manhajar ta ɗan ƙara nauyi, ba abin da ya kai a yi magana.

Tafiya ta uku, saƙo na uku: ba a sami wani aiki mai suna GetTickCount64 a cikin KERNEL32.dll ba. Wannan kam na san shi, ni na kira shi da hannuna don auna lokacin da yaro ya ci. Ashe sai daga Vista aka ƙara shi. XP tana da yayansa, GetTickCount, wanda ke ƙirga sulusin ƙiftawar ido, watau kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, tun daga lokacin da aka kunna na'ura. Aibinsa guda: a gurbi 32 yake ajiye ƙirgar, saboda haka in ta kai 4 294 967 296 sai ta koma sifili. A raba wannan da 86 400 000 da ke cikin yini guda, a sami kwana 49,7. Don maganin wannan aka yi sabon, saboda manyan na'urorin da ke yin watanni ba a kashe su ba. Na yi dariya ni kaɗai a ɗakin. Na'urar da za ta yi kwana arba'in da tara a kunne a garinmu, ai sai a kai ta gidan tarihi. Na koma ga tsohon, lissafin kuma na ba ƴan ajina shi aikin gida.

Da na ba ɗalibin nawa labari sai ya ce: «Malam, kana toshe ramukan ɗaya-ɗaya, kowane rami da tafiyarsa. Ka faɗa wa tafinta tun farko wa kake yi wa aiki.» Ya nuna mini abu biyu. Na ɗaya, in aka rubuta _WIN32_WINNT=0x0501 a saitin tafinta, sai a ɓoye masa duk ayyukan da aka ƙara bayan XP; in ka kira ɗaya daga cikinsu ginin zai tsaya tun a kan teburinka, ba sai ka je gaban jama'a ba. Na biyu, kamfanin da kansa ya tanadi wani rukunin kayan aiki mai suna v141_xp, wanda ke daidaita lambar goshi, ya kuma yi amfani da tsofaffin takardun bayanin Windows. Yana da ɗan tarihi. Lokacin da Visual Studio na 2012 ya fito ba shi da hanyar gina wa XP komai. Masu sana'a suka yi ca, don a lokacin ofisoshi da asibitoci da masana'antu da yawa a duniya XP suke amfani da ita, sai kamfanin ya ƙara v110_xp a gyaran da ya fitar a ƙarshen wannan shekara. Aka ci gaba da haka har v141_xp na 2017, shi ne auta. Rukunan da suka biyo baya ba su da irinsa. Ba ya zuwa da kansa, sai an nema an sauko da shi. Dare uku na yi ina saukewa, bayan sha biyu lokacin da layi ya fi sauƙi, na kashe jikkuna da ban faɗa wa uwargida adadinsu ba.

Ranar da tagar manhajar ta buɗe a kan XP, mai gadi ne kaɗai shaida, shi ma ya taya ni murna ba tare da ya san dalili ba. Murnar ba ta daɗe ba. A maɓallai huɗu daga cikin takwas, inda ya kamata a ga ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, ƴan akwatuna ne fanko. Wannan ba laifin tafinta ba ne ko maɗinki. Tun a gida na riga na sa saitin /utf-8 don tafinta ya karanta baƙaƙen daidai, domin in ba haka ba da tsarin Turai ta Yamma zai karanta su, wanda ba su a ciki. Lambobinsu sun isa lafiya, zanensu ne babu: Arial ɗin da ke cikin XP ba a zana mata su ba. A nan na koyi wani abu da ya tsaya mini a rai. A babban jadawalin Unicode, ƙ tana lamba 0199, ƴ tana 01B4, cikin ƙarin haruffan Latin. Amma ƙananan ɓ da ɗ suna 0253 da 0257, cikin rukunin alamomin masana furuci. Mai zana haruffa da ya ga wannan rukuni zai iya cewa na ƴan bincike ne, ya tsallake, bai san ya tsallake ɗa da ɗaki da ɓera na miliyoyin mutane ba. Maganin dai mai sauƙi ne. Na ɗauko DejaVu Sans, wadda kyauta ce kuma tana da su duka, na zuba a kowace na'ura.

Takwas suka yi aiki daga farko har ƙarshe. Uku kuwa, waɗanda ke jikin bango wajen taga, sai su bari yaro ya amsa tambayoyi duka, daidai lokacin da za a ba shi maki manhajar ta mutu. Wannan ya fi sauran cin lokacina, don babu saƙon da ya ambaci sunan komai, sai wata lamba, C000001D, wadda ma'anarta ita ce an ba ƙwaƙwalwa umarnin da ba ta sani ba. Na buɗe bayanan na'urorin. Takwas ɗin Pentium 4 ne. Ukun kuwa, biyu Athlon XP ne na kamfanin AMD, ɗaya Pentium III. A shekara ta 2000, tare da Pentium 4, Intel ta ƙara wa ƙwaƙwalwa wani rukunin umarni mai suna SSE2 don saurin lissafin lambobi masu waƙafi. Pentium III ta riga shi zuwa, Athlon XP kuma ba ta da shi. Sai a 2003 AMD ta sa shi cikin Athlon 64. Tun 2012 tafintan Microsoft yana ɗauka kowa na da shi. Manhajata ba ta taɓa lamba mai waƙafi ba sai wurin fitar da maki bisa ashirin, a nan tafinta ya yi magana da karin harshen da tsofaffin uku ba su ji. Saitin /arch:IA32 ya ce masa ya tsaya ga tsohon harshe. Saurin da aka rasa, in ma akwai, ba ɗan Adam da zai iya lura da shi a raba goma sha bakwai da ashirin.

Ba ina cewa masu yin waɗannan kaya azzalumai ba ne. Microsoft ta yi suna wajen lallaɓa tsofaffin manhajoji. Labari ne sananne a wurin masu sana'ar cewa lokacin da ake shirya Windows 95 an gano wasan SimCity yana da kuskuren da zai hana shi tashi, sai aka sa wa Windows ɗin wani ɗan sashe na musamman da ke gane wasan ya yi masa sassauci. Sai dai wannan alheri fuska guda yake kallo: tsohuwar manhaja a kan sabuwar na'ura, watau mutumin da ya sayi sabo kada ya yi asarar abin da ya saba da shi. Sabuwar manhaja a kan tsohuwar na'ura, wanda shi ne halinmu, ba mai cin riba a ciki. Kuma gaskiya ne riƙon tsoho yana da tsada. Kowane ƙarin tsari da aka ce za a tallafa wa, sai an gwada a kansa, sai an hana kai amfani da sababbin hanyoyi. Akwai haɗari kuma. A watan Mayu na 2017 cutar WannaCry ta kulle na'urori a ƙasashe da yawa, har asibitocin Ingila, abin ya kai Microsoft ta fitar wa XP da gyaran gaggawa shekara uku bayan ta sallame ta. Chrome ta tsaya wa XP a lamba 49 a 2016, Firefox ta ja har 2018 da lamba 52. Saboda haka na ɗakinmu ba su taɓa intanet, da gangan, kuma duk malamin da ya tambaye ni ina ce masa kada ya haɗa irinsu da layi. Amma na'urar da ba ta dace da yawon duniya ba, ba a ce ba ta dace da koyar da ɗ da ƙ a cikin ɗaki ba.

Wani abokin aiki ya ce me ya sa ba za mu share XP mu zuba Linux ba, mu huta. Shawara ce mai kyau, kuma wataƙila can za mu ƙare. Sai dai can ma akwai irin wannan. Manhajar da aka gina a kan sabuwar Linux takan ƙi tashi a kan tsohuwa, ta ce ba ta ga lambar glibc da take nema ba, domin maɗinki yana ɗaure ta da rumbun da ya taras a gidan da aka gina ta. Dabarar mutanen can ta burge ni: a kan tsohuwa suke gini da gangan. Masu rarraba kayan Python, alal misali, sun daɗe suna gini cikin kwafin CentOS 7 mai glibc 2.17, don abin da aka gina a kan tsoho yana tashi a kan sabo. Amma su ma suna janyewa daga masu faɗin 32. Debian 13 da ta fito a watan Agusta na 2025 ba ta da hanyar sakawa a kan irin na'urorinmu.

Abin da nake so ƴan uwa malamai da shugabannin ƙungiyoyi su riƙe a nan ƙarami ne. Yanzu ana yawan kawo mana manhajoji na harsunan gida, ƙamus ne, littafin koyon karatu ne, wasan yara ne, waɗansu ma da kuɗin ƙungiyoyinmu ake yin su. Wanda ya yi yakan gwada a kan tasa na'urar, kamar yadda na yi, ya ga ta tashi, ya ce an gama. Kafin a biya shi a tambaye shi a kan wace na'ura ya gwada, a kuma kai shi ɗakin da yara za su zauna ya danna a gaban mutane. In ta ƙi, kada a yi saurin cewa inji ya tsufa. Sau da yawa saiti biyar ne ko shida, aikin yini guda ga wanda ya san inda suke. Ni da ban sani ba na yi wata guda. Kuma zancen ba zai ƙare da XP ba. Ran 14 ga Oktoba na 2025 Microsoft ta rufe tallafin yau da kullum na Windows 10, Windows 11 kuma tana neman wani ɗan guntun tsaro, TPM 2.0, wanda tawa ta hannu ba ta da shi. Kwamfutar da na gina manhajar a kanta, wadda ranar Asabar ɗin nan ita ce sabuwa a ɗakin, yanzu ita ma ta shiga sahun tsofaffi.

Mun sake taron a wata Asabar. Ban yi dogon jawabi ba, na ce kowa ya zauna ya danna. Dattijon nan ya zaɓi Pentium III da ke wajen taga, ya sa tabarau, yana neman kowane maɓalli da yatsa guda, ya sami goma sha tara bisa ashirin, ya ce na'urar ce ta yi kuskure a ɗayan. Bayan mako biyu da fara aiki da yara, wata yarinya ƴar aji shida ta ɗaga hannu. Jimlar da ke gabanta tana neman ƴ a cikin «ƴar sarki». Ta ce: «Mushe, mu a gidanmu ba mu cewa haka, ɗiyar sarki muke cewa.» Rabin ajin suka goyi bayanta. Na kai maganar gaban ƙungiya, aka yi awa guda ana muhawara tsakanin masu bin daidaitacciyar Hausa da masu cewa yaron Gobir da na Adar kada a nuna masa harshen uwarsa kuskure ne. Aka tsaya a kan a bar ƴar, amma in yaro ya amsa a nuna masa ɗiyar a gefe, da bayanin inda ake faɗin kowace.

Wannan na nufin sake gini. Na riga na rubuta saitin duka da alƙalami a wata takarda, na manna ta a cikin murfin kabad ɗin ɗakin, na kuma kwafe v141_xp a kile biyu, ɗaya a gida ɗaya a ofishin dirakta, don ban san ranar da za a nema a rasa ba. Na buɗe kabad, na bi takardar layi-layi, na gina, na fara gwadawa a kan ta wajen taga.